Wadda Ba Ta Cike Fom Ba: Nazarin Wani Shirin Jagoranci a Sashen Nazarin Bayanai

Ranar da aka gano kuskuren, rahoton ya riga ya kwana uku a gaban shugabannin kamfani. Alƙaluman cikinsa sun nuna kwastomomi na guduwa daga wani yanki fiye da yadda aka taɓa gani, har an soma maganar ware kuɗi a yi musu rangwame don a tsayar da su. Wani ma'aikacin sashen kuɗi ne ya ce shi dai a littafinsa kuɗin shiga na yankin bai ragu ba ko kaɗan. Idan mutane sun tafi, wa ke biya? Aka dawo mana da rahoton, mu 'yan sashen nazarin bayanai, aka ce a yi bayani.

Wadda ta haɗa shi ba ta cika wata bakwai da kama aiki ba. Ƙididdiga ta karanta, ta fito da sakamako mai kyau, kuma hannunta ya faɗa a SQL da Python, harsunan kwamfuta da muke sarrafa bayanai da su, fiye da wasunmu da suka daɗe. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma kamfanin. Matashiyar kawai zan riƙa ce mata. A lokacin ni ke kula da shirin jagoranci na sababbin ma'aikata a sashen, saboda haka akwai kasona na laifi a labarin nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Kuskuren kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ta haɗa teburin kwastomomi da na kwantiragi, ta ƙirga duk kwantiragin da aka rufe a matsayin kwastoman da ya tafi. A ko'ina hakan daidai ne, ban da wannan yankin. Shekara biyu kafin zuwanta an sauya manhajar ajiyar bayanai, kuma tun daga lokacin, idan kwastoma a can ya sabunta kwantiraginsa, sai a rufe tsohon a buɗe masa sabo da wata lamba daban. Wato mutumin da ya fi kowa riƙon amana, wanda ya dawo ya sake sa hannu, shi rahoton ya lissafa cikin waɗanda suka gudu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Yana cikin kan mutum biyu ko uku ne, ɗayansu kuwa shi ne wancan na sashen kuɗi.

Da na zauna da ita sai ta ce, "Malam, wallahi na ga adadin ya yi yawa. Na sake lissafin sau uku, abu ɗaya yake ba ni. Sai na ce ai ba ni zan ƙaryata kwamfuta ba."

Na ce, "Me ya hana ki tambaya?"

Ta yi shiru, can ta ce, "Wa zan tambaya?"

Wannan tambayar ta fi rahoton damuna, domin muna da shiri sukutum da aka kafa don amsa ta.

Shirin da muke taƙama da shi

Tsarinsa irin na kamfanoni da yawa ne. Sabon ma'aikaci ya cike fom idan yana so, ya faɗi abin da yake son koya, mu kuma mu haɗa shi da wani babba su riƙa zaman awa ɗaya duk wata. Bayan wata uku-uku a yi taron gaisawa, manya da ƙanana a tsaitsaye a zaure ɗaya ana musayar lambobin waya. Waɗanda suka shiga suna yabawa. Duk ƙarshen shekara nakan rubuta rahoto mai daɗin karantawa.

Matashiyar ba ta cike fom ɗin ba. Dalilinta biyu: a ganinta wanda ya nemi jagora kamar ya kai ƙarar kansa ne cewa bai iya aiki ba, sannan tana jin nauyin cinye wa wani babba lokaci da tambayoyin da take zaton ya kamata a ce ta san amsarsu. Da na koma kan jerin waɗanda suka cike, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Masu baki ne, irin waɗanda ke tare darakta a bakin ƙofa su gaishe shi su gabatar da kansu. Ko babu shiri za su samo wa kansu jagora. Ashe a bakin kogi muka haƙa rijiyar.

Abin kunyar shi ne, gano irin wannan ita ce sana'ata. Lokacin da nake neman amincewar shugabanni a kafa shirin, da alƙaluman kamfanin Sun Microsystems na shawo kansu. A 2006 aka fitar da wani nazari da ya bi ma'aikatan kamfanin sama da 1,000 tsawon shekara biyar. Kashi 25 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jagoranci sun sami ƙarin matakin albashi, alhali kashi 5 ne kacal suka samu a cikin waɗanda ba su shiga ba. Kashi 72 na waɗanda aka yi wa jagorancin sun ci gaba da zama a kamfanin, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 49. Alƙaluma ne masu sa shugaba ya sa hannu nan take. Sai dai ba ƙuri'a aka jefa aka raba mutanen ba. Da wani ɗan sashenmu ne ya kawo mini irin wannan kwatanci a kan kwastomomi, tambayar farko da zan yi masa ita ce: shirin ne ya sa suka yi fice, ko kuwa waɗanda dama za su yi fice ne suka shiga shirin? Da yake sakamakon ya yi mini daɗi, ban yi wa kaina tambayar ba.

Akwai waɗanda suka yi ta, kuma suka gwada. Masana huɗu, Jason Sandvik da Richard Saouma da Nathan Seegert da Christopher Stanton, sun yi gwaji a wata cibiyar sayar da kaya ta waya a Amurka, da sababbin ma'aikata sama da 600. Wasu rukunonin an tambaye su ko suna son jagora. Wasu kuwa ba a tambaye su ba, ƙuri'a ce ta ba wannan ta hana wancan. Inda ba a yi tambaya ba, cinikin waɗanda suka sami jagora ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 19 cikin 100 a wata biyun farko. Inda aka bar wa mutum zaɓi, waɗanda suka ce suna so ba su ƙaru da wani abin kirki ba, waɗanda suka ce ba sa so kuma su ne suka fi rauni a aikin. Na san mai sayar da kaya ta waya ba manazarcin bayanai ba ne. Amma ina karantawa fuskar matashiyar nake gani.

Gyaran farko, wanda bai yi aiki ba

Na yi abin da mai jin kunya kan yi, na wuce gona da iri. Na roƙi daraktan sashen da kansa ya zama jagoranta. Ya amince, don mutumin kirki ne. Sun zauna sau uku cikin wata huɗu. Ya ba ta tarihin yadda ya taso, ya ce ta riƙa karatu, ta yarda da kanta, kada ta ji tsoron kuskure. Duk gaskiya ne. Ita kuwa daga "to, Yallaɓai" sai "na gode, Yallaɓai." Mutumin da rabonsa da buɗe teburin bayanai da hannunsa ya kai shekara goma, wanda kuma shi zai sa hannu a takardar tabbatar da ita a aiki, ba shi za ta nuna wa lissafin da take shakka a kai ba.

Kathy Kram ta Jami'ar Boston ta bi diddigin alaƙa 18 tsakanin manya da ƙananan manajoji a wani kamfani, ta wallafa sakamakon a 1983. Ta raba amfanin jagora gida biyu. Akwai abin da ke ciyar da aikin mutum gaba, kamar koyarwa da kariya da ba shi aiki mai nauyi da nuna shi ga manya. Akwai kuma abin da ke kwantar masa da hankali, kamar karɓuwa da shawara da abota. Ta lura cewa matakin farko kaɗai, na sabawa da juna, yakan ci wata shida zuwa shekara. Mu kuwa mun jibga duk wannan a kan mutum ɗaya mai awa ɗaya a wata, muna jiran sakamako kafin ƙarshen zango.

Wadda ta gabace ta da shekara huɗu

Mafitar ba daga wurina ta fito ba. Wata manazarciya ce a ɓangaren da ke maƙwabtaka da namu, wadda ta gabaci matashiyar da shekara huɗu a aiki, ta same ni ta ce, "Malam, ba ni ita. Amma da sharaɗi: ba fom, ba rahoto, kuma abin da ta nuna mini ba zai je kunnen wanda ke auna aikinta ba." Na yarda. Ba ta ma cikin jerin jagororinmu, domin a ƙa'idarmu sai mai muƙamin manaja.

Tsarinta bai da yawa: minti 40 duk mako, kwamfuta a buɗe, kuma aikin da ba a gama ba kawai ake kawowa. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin. Aikin da aka gama an riga an share masa duk sawun shakka. Wanda ke tsaka da yi shi ke nuna yadda mutum ke tunani. A makon farko matashiyar ta zo da wanda ta goge tas, sai aka mayar da ita. "Ƙanwata, wannan ai kwalliya ce. Kawo mini wanda kike jin kunyar in gani."

Abubuwan da ta koya mata sun yi ƙanƙanta da a sa su a manhajar karatun jami'a, amma su ke raba wanda ake yarda da alƙalumansa da wanda ake sake dubawa a bayan idonsa. Kafin ki haɗa tebur biyu, ƙirga layuka. Bayan kin haɗa, sake ƙirgawa. Idan sun ƙaru ko sun ragu, ki san dalili kafin ki matsa. Ɗauki kwastoma biyar daga cikin sakamakon ki bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya da idonki. Da an yi hakan a wancan rahoton, kafin a kai na uku an gano. Kwatanta jimillarki da wani adadin da wani sashe ke riƙe da shi, wanda bai bi ta hannunki ba. Sai kuma tambayar da ta fi maimaitawa: wane ne zai yi mamaki idan ya ga wannan adadin? Je ki same shi kafin taro, kada ku haɗu a cikin taro.

Akwai kuma batun rubutu. Matashiyar kan fara rahoto da hanyar da ta bi, shafi uku cur, amsar na can ƙarshe a ɓoye. Yayar tata (abin da ta koma kiranta ke nan daga wata na biyu) ta kifar mata da shi: wace shawara ake son yankewa, me alƙaluma suka ce, yaya ƙarfin tabbacinki yake, sannan hanyar ga mai son dubawa. Ta kuma nuna mata cewa "ban tabbata ba tukuna, ku ba ni zuwa jibi" magana ce da ƙwararre ke faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Daga baya na ci karo da binciken Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais a kan injiniyoyin manhaja na wani babban kamfanin Amurka. Waɗanda ke gini ɗaya da duk abokan aikinsu sun fi samun gyara da tsokaci a kan abin da suka rubuta da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙanana da mata su suka fi cin moriyar, kuma bambancin ya kusa ɓacewa da aka rufe ofisoshi a 2020 saboda korona. Binciken ya nuna ɗaya fuskar kuma: manyan injiniyoyin da ke ba da gyaran, nasu aikin ya ragu. Wannan ɓangaren na karanta na wuce abina, kuma zai dawo ya same ni.

Sunaye biyar

A wata na uku Yayar ta ba ta wani aiki da ya fi duk tarukan gaisawarmu amfani. Ta rubuta mata sunaye biyar: mutumin sashen kuɗi, shugabar masu amsa koken kwastomomi, injiniyan da ke kula da rumbun bayanai, wani daɗaɗɗen ɗan sashen tallace-tallace, da wata mai shigar da kwantiragi da hannu, wadda ba a taɓa gayyatarta wani taro ba. Kowanne rabin awa, tambaya ɗaya: mene ne a cikin bayanan da kuke riƙe da su yake yaudarar baƙo?

Mutane na son a tambaye su abin da suka sani. Injiniyan ya gaya mata cewa akwai gurbin kwanan wata da ke bin agogon babbar kwamfutar ajiya, ba agogon wurin da aka yi cinikin ba, don haka cinikin daren ƙarshen wata kan faɗa cikin wata mai kamawa. Mai shigar da kwantiragi ta ce idan ba a san shekarar haihuwar kwastoma ba 1900 suke sa masa, domin manhajar ba ta yarda a bar gurbin fanko, shi ya sa matsakaicin shekarun kwastomomi ke fitowa wani iri. Ɗan sashen tallace-tallace ya lissafo mata watannin da aka yi garaɓasa, waɗanda duk mai hasashen ciniki ya kamata ya ware gefe. Matashiyar ta tattara duka a takarda ɗaya, ta sa mata suna "Tarkuna," ta ajiye inda kowa zai gani. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a rumbun bayanai 'yan garin sau da yawa ba su ne masu manyan ofisoshi ba.

A nan nake ganin mu masu shirya irin waɗannan tsare-tsare muke kuskure. Mukan ce wa matashi ya ƙulla hulɗa, kamar hulɗar ce abin nema. Mai jin nauyin mutane, idan aka jefa shi zaure cike da baƙi ba tare da dalilin magana ba, bango zai nema ya jingina. Amma a ba shi tambaya ta gaske da sunan mai amsar, sai ka ga ya miƙe. Zumunta a ƙafa take, sai dai ƙafar na bukatar a nuna mata gida.

Darakta ya dawo, da wani aikin daban

Ban sallami daraktan ba, aikinsa na sauya. A 2010 Herminia Ibarra da Nancy Carter da Christine Silva sun rubuta a mujallar Harvard Business Review a kan wani bincike na ƙungiyar Catalyst da ya shafi masu digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, sama da 4,000. Kashi 83 cikin 100 na matan sun ce sun taɓa samun jagora, maza kuwa kashi 76, amma duk da haka mazan sun fi samun ƙarin girma. Bambancin da suka gano shi ne jagororin maza sun fi zama manya masu faɗa a ji, kuma ba a shawara suke tsayawa ba, suna tsaya musu ne: su ambaci sunansu a ɗakin da ake rabon aiki da muƙami, inda su ba sa nan. Shawara daban, tsayawa daban, kuma ba dole ba ne mutum ɗaya ya yi duka biyun.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba sai kun sake zama da ita ba. Abu ɗaya nake roƙo. Idan kun ga aikinta ya kai, ku bar ta ta gabatar da shi da bakinta." Ya duba takardar tarkuna da sabon nazarin da ta yi a kan masu barin kamfani, wanda wannan karon mutumin sashen kuɗi ya riga ya gani ya amince. A taron shugabanni na gaba ita ta tsaya gaban mutanen da suka karanta kuskurenta wata tara baya. Muryarta ta yi rawa a farko. Da aka yi mata tambayar da ba ta da amsarta, ta ce a ba ta zuwa jibi, kuma jibin ta kawo.

Abin bai tafi lami lafiya ba. Sa'o'inta biyu sun yi gunaguni cewa wadda ta yi kuskure ita ta zama 'yar lele, su da ba su yi ba ko oho. Suna da gaskiya. Tazarar da ke tsakanin tsaya wa mai cancanta da nuna son kai ba ta da faɗi, kuma inda babu ƙa'idar da kowa ya sani, mai kallo daga gefe ba zai iya bambancewa ba. A lokacin ba ni da amsar ba su.

Sanin shanu

Yayar ce kuma ta tura ta waje. Wurin zuwa bai yi ƙaranci ba ga mai wannan sana'a. Ƙungiyar INFORMS ta masana nazarin bayanai da tsara ayyuka, wadda aka kafa a 1995 da haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu, tana ba da shaidar ƙwarewa a nazarin bayanai mai suna CAP tun 2013, kuma tana da shiri na musamman ga masu 'yan shekarun farko a aiki a gefen babban taronta na nazarin bayanai. R-Ladies, ƙungiyar mata masu aiki da harshen kwamfuta na R, wadda Gabriela de Queiroz ta fara a San Francisco a 2012, ta yi rassa a birane da dama. Taron Women in Data Science ya soma a Jami'ar Stanford a 2015, Deep Learning Indaba kuma a Johannesburg a 2017. Matsalar ita ce yawancin matasa kan je su saurara su dawo, babu wanda ya san sun je.

Sharaɗin Yayar shi ne kada ta je wuri a 'yar kallo fiye da sau biyu. Saboda haka ta nemi minti 10 a wani ƙaramin zama na intanet, ta yi bayanin yadda kwantiragin da aka sabunta ke rikiɗa ya yi kama da kwastoman da ya gudu. Da ƙagaggun bayanai ta yi misali, ba na kamfani ba, kuma sai da na duba kafin ta gabatar. Mahalarta ba su da yawa. Uku sun rubuto mata daga baya cewa su ma sun taɓa faɗawa irin ramin. Ɗaya daga cikinsu suka ci gaba da gaisawa jefi-jefi, bayan wata ɗaya ko biyu.

Irin wannan shi muke kira sanin shanu, mukan kuma raina shi. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa bai kamata a raina ba. A cikin ma'aikatan da ya yi wa tambayoyi a Newton, kusa da Boston, waɗanda suka sami aiki ta hannun wani, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai ke yawan ganin mutumin. Kusan kashi 56 sai jefi-jefi, kusan kashi 28 kuma da wuya. Dalilin a fili yake: aminanka labarin da ka ji shi suka ji, na nesa shi ke kawo wanda bai iso unguwarku ba. A 2022 mujallar Science ta wallafa gwajin da aka yi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, da mutane sama da miliyan 20 cikin shekara biyar, inda aka riƙa sauya irin mutanen da manhajar ke ba da shawarar a ƙulla da su. An sami sababbin alaƙa biliyan 2 da sababbin ayyuka 600,000. Alaƙa mai matsakaicin rauni, ba ta kusa sosai ba kuma ba baƙunta tsantsa ba, ita ta fi kai mutum ga sabon aiki, musamman a sana'o'in da suka dogara da fasahar zamani.

Na san wannan duka, amma ban zaci a kaina zai faɗo ba. Tana cika shekara biyu ta kawo takardar ajiye aiki. Wancan mai gaisuwar jefi-jefin ne ya gaya mata wani gurbi a kamfaninsu tun kafin a tallata shi.

Wani daga cikin shugabanni ya ce mini, "Mun shuka, wani ya girbe." Ban musa ba. Ni ne na yi musu alkawarin cewa jagoranci na riƙe ma'aikata, ga shi a wannan karon shi ya share hanyar fita. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne shawarar a daina tura matasa tarukan waje. Muƙamin da aka ba ta ba mu da irinsa a lokacin, kuma ma'aikacin da ya zauna don kawai bai san akwai wani wuri ba, ba riba ba ce a wurina. Kram ma ta lissafa rabuwa a matsayin mataki na uku cikin huɗu, na ƙarshe kuwa shi ne alaƙar ta koma wani abu daban. Har yanzu suna magana da Yayar, sai dai yanzu kowa na aiko wa kowa tambaya.

Lissafin da ya rage

An nemi in kawo hujjar cewa sabon tsarin na aiki. Gaskiyar da na faɗa musu ba ta yi musu daɗi ba: labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Wanda ya yi mafi munin rahotonsa, na gaba yakan fi shi ko ba a yi masa komai ba, kuma shekara guda ta ƙarin gogewa ma malama ce. Hanyar da za a raba tasirin shirin da waɗannan ita ce irin wadda Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Amurka ta bi daga 2004 a taron jagorancinta na matasan malamai mata. Masu nema sun fi kujeru yawa, sai aka jefa ƙuri'a, daga baya aka ga waɗanda suka halarta sun fi sauran wallafa bincike da samun tallafin bincike. Mu kuwa mutanen da muke ɗauka a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Ko mun jefa ƙuri'a, adadin bai isa ya ce komai ba, kuma ba zan hana rabinsu jagora don in sami jadawali ba.

Saboda haka da hukuncin hankali muka yi gyaran. An soke fom. Duk sabon ma'aikaci yana da jagora a wata shidan farko, wanda ya gabace shi da shekara biyu zuwa biyar, kuma ba daga layin da ke auna aikinsa ba. Kowa zai karɓi sunaye biyar a watansa na farko, ya ƙara abin da ya samo a takardar tarkuna. Kowa kuma zai gabatar da aikinsa gaban shugabanni sau ɗaya kafin ya cika shekara, wanda shi ne amsar da na makara ban ba sa'o'in nata biyu ba.

Saura Yayar. A ƙarshen waccan shekarar adadin ayyukan da ta kammala ya gaza na shekarar da ta gabata. Minti 40 ne a jadawali, amma akwai karanta aikin kafin zama, akwai saƙonnin tsakiyar mako, akwai rakiya zuwa wurin mutumin da ƙanwar ke jin nauyi. Fom ɗin auna aikin shekara ba shi da gurbin wannan, don haka matsakaicin maki aka ba ta. Da na je roƙonta ta ɗauki mutum biyu a sabon rukuni, sai ta ce, "Malam, ɗaya zan ɗauka. Na biyun sai ranar da aka yi wa aikin gurbi a fom."

Na rubuta wa sashen kula da ma'aikata sau biyu. Sun ce za a duba a zagaye na gaba. Sababbi huɗu za su kama aiki wata mai zuwa, kuma zuwa yau jagora uku gare ni.